Rawanin Agali a Filin Ƙwallon Bungudu

Tun da na dawo daga ƙasar Zamfara ban zauna a majalisa ba face an tambaye ni abin da na gano. Na ba da labarin har na gaji, na kuma lura cewa duk wanda ya karɓa daga bakina sai ya yi masa ƙari kafin ya miƙa wa na gaba. Jiya ma wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana yi mini jaje, wai ya ji an tsare ni a Tsafe saboda fasa-ƙwauri. Don haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya auku, kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Sanadin tafiyar abokina ne Lawali, wanda muka yi sakandare tare. Ni na wuce jami'a a nan Zariya, shi kuwa ya koma garinsu Bungudu yana koyarwa a firamare. A bazarar nan da ta wuce, lokacin da fari ya koro mutanen Azbin da na Adar daga ƙasashensu, sai ya aiko mini wani direba da saƙon baka: in sayo ƙwallon fata da famfonsa da usur, in kawo su da kaina kafin Asabar. Wannan "da kaina" ta tsaya mini a rai, domin direban da ya kawo saƙo yana iya kai kaya. Na kuma san halin Lawali tun muna yara: idan ya gajarta magana, to, akwai abin da ya ɓoye.

Daga Zariya zuwa Funtuwa ban ga abin faɗa ba, in banda direbanmu da har yanzu bai yafe wa hukuma komawa tuƙin dama ba. A tashar Funtuwa na shiga kiya-kiyar Gusau. Mun kusa cika sai ga wani dogon Buzu, ya naɗe kansa da fuskarsa da baƙin rawani, ba a ganin komai sai idanu. Nan take motar ta sauya. Wani ya jawo buhunsa tsakanin ƙafafunsa, wata ta ƙara ɗaure bakin zanenta. Ɗan kamasho ya tura Buzun kujerar baya, kusa da ni, ya ce mini, "Malam, ka kula da aljihunka." Na san maganar ba ta dace ba. Amma jakar ƙwallon na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a cinyata.

Kafin Tsafe akwai iyakar Jihar Arewa ta Tsakiya da ta Arewa maso Yamma. An gitta gora a kan ganguna biyu, ana binciken masu fitar da hatsi. Mai shingen ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mutum biyu su sauko: Buzun nan, da ni.

"Kai, buɗe fuska!" in ji shi ga Buzun.

Mutumin bai motsa ba. Aka maimaita da tsawa. Sai ya juya wa motarmu baya, ya taka zuwa bayan wata bishiyar gawo, ya yafito mai shingen. Can ya sauke rawanin kamar ƙiftawar ido, ya mayar.

Sa'an nan aka juyo kaina. Ƙwallon ba iska a cikinsa, ya lotse kamar tsohon takalmi. Mai shingen ya jijjiga shi a kunne, ya sansana, ya ce ai a irin wannan ake dura abin da ba a so a gani. Na yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce in dai ƙwallo ne, to, in hura ya gani. Haka na durƙusa a kan kwalta, rana tsaka, ina buga famfo, fasinjoji suna kallona ta taga. Da ya cika sai ya karɓa, ya ja da baya, ya ɗirka masa ƙafa da takalminsa mai nauyi. Ƙwallo ya faɗa wata gona can nesa. Ya ce, "Gaskiyarka, ƙwallo ne. Je ka ɗauko." Wannan ita ce tsarewar da ake yi mini jajenta.

A Tsafe muka tsaya salla da cin abinci. Nan na fara jin Hausar yamma sosai, inda "muka" ta koma "munka", "wannan" ta koma "wanga". Da fari kunnena ya ƙi ta, daga baya na gane tana da nata tsari, ba karkatacciyar tamu ba ce. Na sayi fura a wurin wata Bafulatana, nonon ya sha ruwa, ta ce in yi haƙuri, shanu ba su da abin ci bana. Buzun ya sayi tasa ya koma gefe, ya ba jama'a baya, yana shigar da ludayi ta ƙarƙashin rawani. Wata dattijuwa mai fataucin goro, mutuniyar Gusau, ta ga ina kallonsa.

"Ɗana, ba ka san su ba," in ji ta. "Su wurinsu baki tsiraici na. In yaro ya balaga anka naɗa mai rawani, ba shi sake buɗe baki gaban manya ko baƙi. Abin da anka yi mai can shinge, kamar a ce kai ka tuɓe wando a kasuwa."

"To, Inna, har abada ba mai ganin fuskarsa?"

"Wanga kuma sai ka tambaye shi. Ni goro nika saidawa."

Muna komawa mota sai Buzun ya nuna jakata da haɓa, ya ce, "Bungudu?" Ban gaya wa kowa inda na nufa ba, kuɗin Gusau na biya. Na ce masa Gusau za ni, na juya fuska ga taga har muka isa.

Na sauka a Sabon Garin Gusau, a wani gidan baƙi kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗakin yana da gadon ƙarfe da tabarma da tulun ruwa wanda ban yarda da shi ba. Aka kawo mini hoce, wani gasasshen abinci na dawa, mai tauri da ɗan tsami, da miyar sure, wato yakuwa. A gida da na ce a mayar, amma yunwa ta sa na cinye, har na ji daɗinsa. Mai gidan ya ja mini kunne in sa sakata, wai Buzaye sun cika bakin tasha, kuma duk abin da ya ɓace a unguwar su ne. Da safe ina fita na iske mai gadinsa yana naɗe tabarma a ƙofa. Buzu ne. Na tambayi mai gidan yadda aka yi haka, ya ce, "Ai wanga namu na, mun san shi."

A tashar motocin Sakkwato da ke nan Gusau na sami a-kori-kura mai zuwa Bungudu. Ina hawa na ga dogon nan a zaune bisa buhun gishiri. Ya ɗaga mini hannu. Na tabbata a raina bin sawuna yake yi, sai dai na kasa gano abin da mutum zai yi da ƙwallo da famfo. Muna isa ya sauka ya bi wata hanyar ƙafa, bai waiwayo ba.

Lawali ya tarbe ni da murnar da ta yi yawa. Bayan na sha ruwa na ce ya bar kewaye-kewaye. Sai ya kai ni bayan makaranta ya nuna mini wani zango can gindin itatuwa, bukkokin tabarma da na fata, ba raƙumi ko ɗaya. Ya ce mutanen nan fari ya cinye dabbobinsu. Da suka sauka, 'ya'yansu kan zo su tsaya a bakin shingen makaranta suna kallon ƙwallo, yaran gari kuwa su yi ta jifarsu suna kiransu jajaye masu warin raƙumi. Rannan shi Lawali ya buɗe ƙofa ya ce su shigo. Bai taɓa yarda a yi gari da zango ba. Jera su yake yi bisa tsawo, ya ce wannan nan, wannan can, har kowane ɓangare ya zama gauraye, wanda ya zage ka jiya yau dole ya miƙa maka ƙwallo. In an tashi kuma yaran zango su cika gwangwanayensu a rijiyar makaranta su kai wa iyayensu mata, domin an hana su rijiyoyin cikin gari, gulbi kuwa ya zama yashi.

"To, ina matsalar?" na ce.

"Guga ya ɓace da igiyarsa. Wani ya ce ya hangi mai rufaffiyar fuska a bakin rijiya. Malam Bawa mahauci ya tara iyaye sun kai ƙara wurin Hakimi." Hakimi a can shi ne wanda mu za mu kira dagaci. "An yanke cewa ba mai shiga shingen makaranta da fuska a rufe. Yau da la'asar Hakimi zai zo ya gani da idonsa. In aka yi rigima, an rufe fili, an rufe rijiya."

"Yara ai ba su rufe fuska."

Lawali ya sosa ƙeya. Ya ce akwai Agali, babbansu, shi ne mai tsaron gida, shi ne ya fi jin Hausa, kuma ƙananan ba sa zuwa sai yana gaba. A makon nan dangin ubansa suka naɗa masa rawani. Ni kuwa an kirawo ni ne in yi alƙalancin wasa, domin iyaye sun ce Lawali ya zama ɗan Buzaye, sai baƙo mai ilimi wanda bai san kowa ba.

Na ce, "Lawali, ka yaudare ni."

Ya ce, "Da na faɗa maka ai da ba ka zo ba."

Da la'asar fili ya cika. Aka shimfiɗa wa Hakimi darduma a inuwa, dab da bayan sandunan gida. Dattijo ne mai ƙiba, ya zo da farin rawani, amawalinsa ya rufe baki har gindin hanci. Can sai ga yaran zango a jere, kowa da gwangwaninsa. A gabansu wani siririn saurayi cikin sabon rawani mai shuni, wanda ya yi wa kansa girma. A bayansa kuwa dogon mutumin nan na mota. Lawali ya raɗa mini cewa Alhusaini ke nan, mahaifin Agali, ya je Funtuwa neman aikin gadi.

Malam Bawa ya tare ƙofa. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Ya nuna rawanin Agali.

"Kwance shi, ko ku koma inda kunka hito. Mun gaji da ɓarayin da ba mu san huskarsu ba."

Agali ya dubi ubansa. Alhusaini ya ce, "Jiya an buɗe ni a hanya. Ɗana ba a buɗe shi." Ya faɗi wata kalma da harshensu, sai ƙananan suka fara juyawa, gwangwanayen suna ƙara, ba komai a cikinsu.

Lawali ya ɗaga murya ya ce ga alƙali daga Zariya, a ji ta bakinsa. Idanu suka dawo kaina. Na ce a dokar ƙwallo mai tsaron gida yana iya sa hula, ban kuma san inda aka hana rawani ba. Bawa ya ce shi ba ruwansa da dokar ƙwallo, dokar Hakimi yake magana. Sai wani yaro daga cikin 'yan wasa, mai kama da Bawa kamar an tsaga kara, ya ce, "To Baba, shi ma Hakimi sai ya kwance nashi?"

Mari ya sauka kafin ya rufe baki. Fili ya yi tsit. Hakimi ya kai hannu ya taɓa amawalinsa.

A cikin wannan shiru tambayar da na yi wa mai goro ta dawo mini. Na matsa kusa da Alhusaini na ce, "Malam, a al'adarku, gaban wa saurayi zai iya sauke rawani ba tare da kunya ba?"

Ya daɗe yana dubana, kamar mai neman tarkon da ke cikin tambayar. Sa'an nan ya ce, "Tsararsa. Waɗanda suka yi wasa tare."

Na je na durƙusa gaban Hakimi na ce, "Ranka ya daɗe, in na fahimta, manufar dokar ita ce a san wanda ya shigo. Ga yaran garinka nan, sun san fuskarsa. A bar su su duba, su shaida maka."

"Yara?" in ji Bawa. "Yara za su yi muna shaida?"

Yaron da aka mara, Sani sunansa, yana riƙe da kunci ya ce, "Ni na san shi. Haƙorinsa na gaba guntu na, ni na karya shi da gwiwa."

Hakimi ya ɗaga yatsa. Yaran suka kewaye Agali suka haɗa kawuna, har ba a ganin komai sai ƙeyoyinsu. Jim kaɗan aka ji dariya a ciki. Sani ya fito ya ce, "Ranka shi daɗe, shi na. Har gemu ya hwara, gashi ukku."

Hakimi ya juya ga Bawa. "To, Bawa, ka yarda da shaidar ɗanka, ko maƙaryaci ka haihwa?"

Bawa ya kauce daga ƙofa, amma bai je nesa ba. Ya tsaya a bakin layi ya harɗe hannuwa.

Lawali ya jera su ya raba, ɓangare ɗaya suka ɗaura jan ƙyalle a damtse. Sani da Agali suka faɗa ɓangarori dabam, abin da ya faranta wa Sani rai, domin ya ce tun rani yake neman ya ci shi bai samu ba. Na busa usur. Wasa ne na ƙafa ba takalmi, ƙura da ihu, kuma sabon ƙwallon ya fi ƙarfin ƙananan, sai su buga shi su faɗi. Duk hukuncin da na yanke sai wani ɓangaren 'yan kallo ya ce an saye ni. Na lura da abu guda: manya a waje suna ihu da "ɗan gari" da "Buzu", yara a ciki suna kiran juna da suna.

Rana ta yi ƙasa, ba a ci kowa ba, sai Sani ya kufce ya buga da ƙarfi. Agali ya yi tsalle ya ture ƙwallon, amma jelar rawaninsa ta maƙale a tsagar sandar gida. Yana faɗuwa rawanin ya warware gaba ɗaya. Ga Hakimi da dattawa da mahaifinsa a gabansa, taku kaɗan. Yaron ya kifa fuskarsa a ƙasa ya rufe baki da hannu biyu. Ƙwallo kuwa ya gangaro ya tsaya a ƙafar Sani, gida a buɗe.

"Buga! Sani, buga!" Muryar Bawa ta fi ta kowa.

Na ga Alhusaini ya miƙe tsaye. Na san in aka yi dariya, ko aka ci gidan a wannan hali, zai kwashe yaran, ba kuma za su dawo ba.

Sani ya taka ƙwallon ya tsayar. Ya bar shi a nan, ya ruga ya tsaya tsakanin Agali da dattawa, ya buɗe rigarsa da hannu biyu. Sauran suka bi shi, masu jan ƙyalle da marasa shi, suka yi katanga. Usur yana bakina, amma ban busa ba, domin ba wanda ya yi laifi, ban kuma san dokar da ta yi maganar wannan ba. Muka tsaya muna kallon ƙwallo shi kaɗai a gaban gida, har aka gama naɗi.

Da Agali ya miƙe, Sani ya koma wurin ƙwallon ya ce, "Ka shirya? Da hannunka biyu nika son in ci ka." Ya buga. Agali ya cafke.

"Wawa!" in ji Bawa. "Gida buɗe ka bari! Wa ka gado?"

Ban ga bakin Hakimi ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Da aka tashi ya kira Lawali ya ce, "A bar su su yi wasansu, su ɗebi ruwa har damina ta sauka. Sannan mu gani." Bawa ya ce to da sharaɗi, sabon gugan a gidansa zai riƙa kwana. Aka yarda. Tsohon gugan dai har na baro garin ba a san wanda ya ɗauke shi ba, kowa kuma yana nan a kan zatonsa. Na tsaya na ga an cika gwangwanayen. Sani ne ke jan igiya, kuncinsa a kumbure.

Kashegari kafin in hau mota Alhusaini ya aiko a kira ni zango. Ya dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, mai ɗaci da farko, mai zaƙi daga baya. Na tambaye shi yadda ya san Bungudu za ni. Ya ce ɗansa ya gaya masa Malam yana jiran ƙwallo daga Zariya. Amma da ya ga tabarau da alƙalami a aljihuna, ga yawan kallon da nake yi masa, sa'an nan na ce Gusau za ni alhali ya gan ni a motar Bungudu, sai ya tabbata ni ma'aikacin hukuma ne da aka aiko a ƙidaya su a mayar da su hayin iyaka, ƙwallon kuwa dabara ce. Ya ce saura kaɗan ya hana yaran zuwa fili saboda ni.

Na bar wa Lawali ƙwallon da famfon. Usur ɗin kuwa na ba Agali, ya karɓa ya tura shi ƙarƙashin rawani ya busa.

Masu tambayata ko wane ɓangare ya ci, ba wanda ya ci. Masu tambaya ko yaya kamannin Alhusaini suke, su yi haƙuri. Mun zauna kujera ɗaya daga Funtuwa zuwa Gusau, na sha shayinsa, ya raka ni har bakin kwalta ya yi mini addu'a, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Agali ma haka. Duk wanda yake son sanin kamanninsa sai ya je Bungudu ya tambayi Sani ɗan Malam Bawa mahauci.